Gam, Maganin Noti da Ruwan Lagireto: Tambayoyin da Masu Mota ke Yi Mana a Zariya

Duk wanda ya daɗe a gareji ya san injin da aka yi wa aiki ya dawo bayan wata biyu, ba kasafai fistan ko ringi ke dawo da shi ba. Yawanci ƙananan abubuwa uku ne waɗanda ko an haɗa kuɗinsu ba su kai na taya ɗaya ba: gam ɗin da aka shafa a bakin ƙarfe, ruwan da aka ɗiga wa noti, da abin da aka zuba a lagireto. Mai mota zai tsaya a kan bakanike sai ya ga kwalin ringi da idonsa, amma da an zo kan gam sai ya ce a aiki yaro ya sayo kowanne. Tambayoyin nan su ne nake yawan ji, wasu daga direbobin haya na Kwangila, wasu daga malaman jami'a na Samaru da Kongo, wasu daga yaran da ke koyon aiki a hannuna. Na bar su yadda ake yi mini su.

Oga, gam ai gam ne. Me ya sa kake mayar da yaro kasuwa idan ya kawo wani?

Saboda ba gam ba ne irin na manna takarda. Wanda muke matsawa daga bututu mu shafa a inji silikon ne, kuma kafin ma a zo kan launi, gida biyu ya rabu. Hancinka zai gaya maka. Buɗe bututun ka sunsuna. Idan ka ji warin tsami mai shiga hanci kamar na ruwan khal, wannan dangin wanda masu haɗa tagogin gilashi ke aiki da shi ne. Yayin da yake bushewa yana fitar da tsami mai cin ƙarfe, tururinsa kuma yana iya bi ta cikin inji ya lalata sansar da ke jikin salansa, wadda ke gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta ba inji. Sansar nan in ta mutu, mota ta fara shan fetur ke nan, kuma ba wanda zai tuna da gam ɗin da aka shafa watanni uku baya. Ɗaya gidan ba shi da wannan wari sosai, kuma za ka ga an rubuta "sensor safe" a jikinsa. Shi ne na injunan yanzu.

Sai launi. A wurin yawancin kamfanoni, mai ruwan toka yana bushewa da tauri, an yi shi ne don murafan alminiyam masu notuna kusa da kusa, irin murfin gaban inji da famfon ruwa na motocin Japan. Baƙi ya fi laushi, ya fi jure baƙin mai, shi ya sa ake kai shi kaskon mai na ƙasa da murfin sama. Ja da mai launin jan ƙarfe na wurin zafi ne. Amma babu dokar da ta tilasta wa Permatex da ABRO da ThreeBond su yi launi da ma'ana ɗaya, don haka abin da aka rubuta a bayan bututun ya fi launin muhimmanci. Jan gam ya cika shagunan Sabon Gari ne don yana da araha kuma an saba da shi, ba don ya dace da ko'ina ba.

Malam, an kwance kaskon man motata ban ga gaskit ba sai gam. Wanda ya sayar mini ya cuce ni ne?

A'a, Hajiya. Injuna da yawa haka suka fito daga kamfani. Toyota na da nata gam ɗin da take kira FIPG, Honda na da Hondabond, masu motocin Jamus kuma sun san Dirko na kamfanin Elring. Inda kamfani ya sa gam, gam za a mayar. Kada ki yarda wani ya yanka miki kwali ya cusa a wurin.

Yaya yawan da ya kamata a shafa? Ni dai na ga in an cika shi ya fi riƙewa.

Nan ne aka fi kashe inji, don haka bari in daɗe.

Fuskoki biyu na ƙarfe idan aka ɗaure su, ratar da ta rage a tsakaninsu ba ta kai kaurin takarda ba. Ita kaɗai gam zai cike. Sauran duk matsewa zai yi ya fito. Wanda ya fito ta waje kana ganinsa, har yaro ya bi da yatsa ya gyara shi ya yi kyau. To, ka sani daidai wannan adadin ya fito ta ciki inda ba ka gani. Can yana rataye a cikin mai mai zafi, wata ɗaya, wata biyu, sai ya tsinke kamar tsutsa ya faɗa kasko. Famfon mai yana zuƙo mai ta wata 'yar rariya, tsutsotsin nan kuma a bakinta suke taruwa. Da farko fitilar mai za ta riƙa ƙiftawa idan mota na tsaye, daga baya metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, ya bushe, inji ya buga.

Na taɓa karɓar wata Golf ta haya da ke jigila tsakanin Zariya da Funtuwa, wadda aka yi wa aikin inji a wani wuri bai fi wata uku ba. Direban yana ta rantsuwa cewa bai taɓa barin mai ya yi ƙasa ba, kuma gaskiyarsa ne, kaskon cike yake. Da muka ciro rariyar, jan gam ne ya toshe ta kamar an liƙa da gangan. Ringi sabo, metal sabo, duk sun tafi a kan abin da bai kai kuɗin abincin rana ba.

Ƙa'idar ita ce layi ɗaya siriri, milimita 2 zuwa 3, kamar kaurin silin taliya, ba tare da yankewa ba. Idan ka zo ramin noti ka bi ta gefensa na ciki, ko ka zagaye shi, don mai kada ya samu hanya ta ramin. Kada ka baje shi da yatsa kamar man shanu a burodi.

Kafin duk wannan akwai wanki, wanda shi ne rabin aikin. A kankare tsohon gam tas, amma ba da bakin sukundireba ba idan alminiyam ne, domin duk ƙarcen da ka yi hanyar yoyo ce. Sannan a goge da tina ko feshin wanke birki har sai farin tsumma ya fito fari. Kananzir da gas suna barin maiƙo, silikon kuma ba ya kama maiƙo ko kaɗan.

Ina sauri, zan tafi Kano. In an ɗaura yanzu zan iya tashi?

Sauri ya haifi nawa, Alhaji. Silikon ba zafi ke busar da shi ba, kuma ba rana ba. Danshin da ke cikin iska yake sha ya daskare, daga waje zuwa ciki. Wannan yana da muhimmanci a garinmu: a watan Agusta da iska ke jiƙe, nan da nan za ka ga ya yi fata. Amma a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, gam yana ɗaukar lokaci fiye da yadda aka saba. Mutane suna zaton tunda wanki na bushewa da wuri a hunturu shi ma haka ne. Akasin haka ne.

Kowane iri da umarninsa. Na kamfanonin Japan so suke a haɗa ƙarafan cikin 'yan mintuna kafin ya yi fata, a ɗaure, a jira aƙalla awa biyu kafin a tayar da inji. Wasu na Permatex kuma cewa suka yi a ɗaure da hannu kawai, a jira awa ɗaya, sannan a ƙarasa da sifana, a bar shi awa 24 kafin a zuba mai. Ni dai in aikin kasko ne ko famfon ruwa, na fi so mota ta kwana. Kilomita fiye da 150 ne zuwa Kano, ban so ka kira ni daga Kwanar Ɗangora.

Tof gaskit fa? Wani bakanike ya ce in ba a shafa masa gam ba zai sake ƙonewa.

Kada a shafa. Gaskit ɗin da ke tsakanin kan silinda da gangar inji yana fuskantar wutar fetur kai tsaye, babu silikon ɗin da zai tsaya a wurin. Na motocin yanzu ma faranti ne na ƙarfe hawa-hawa da aka riga aka yi wa shafe tun daga kamfani, a bushe ake ɗora shi. Gam zai hana shi zama daidai, ya kuma toshe ƙananan ramukan ruwa da na mai.

Wanda ke neman gam a wurin nan, yawanci wata matsala yake son rufewa: kan silindar ya lanƙwashe saboda zafi. A injunan Japan da yawa, abin da aka yarda da shi bai wuce 0.05 na milimita ba, ido ba ya ganinsa, sai an ɗora miƙaƙƙen ƙarfe an auna. In ya wuce, a kai wa masu injin share ƙarfe su daidaita fuskar. Sannan notunan a ɗaure su da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki. A wasu injuna notunan suna miƙewa idan an ɗaure, ba a maimaita su. Kuma a busar da ramukan notunan, don ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yana iya fasa gangar inji idan noti ya matse shi.

Gaskit na roba, irin na murfin sama, shi ma ba ya son gam, santsi yake sa shi ya zame. Ɗigo kaɗan kawai ake sa masa a kusurwoyi, inda ƙarafa biyu suka haɗu.

Zan iya shafa shi a kafireto ko famfon fetur?

A'a. Fetur yana kumbura silikon ya mayar da shi kamar kunu. Wurin fetur sai gaskit nasa ko gam da aka rubuta yana jure fetur.

Wannan Loctite ɗin da ka sa na saya, kwalbar rabi ce. Sun sha ne suka sayar mini?

Ba su sha ba. Wannan ruwan, da ake ɗiga wa noti kada ya kwance, kishiyar silikon ne: shi iska ce ke hana shi daskarewa. Sai ya shiga tsakanin zaren noti da na rami, iska ta yanke masa, ya taɓa ƙarfe, sannan ya zama roba mai tauri da ke cike duk ratar da girgiza ke bi ta kwance noti. Da za a cika kwalbar fal, a ciki zai daskare. Shi ya sa ma wanda ya malalo a waje yake zama ruwa-ruwa, har mutum ya yi zaton na jabu ne.

Wani farfesan sinadarai a Amurka mai suna Vernon Krieble ne ya ƙirƙiro shi a 1953, yanzu kuma kamfanin Henkel na Jamus ke da sunan. Wasu kamfanoni ma suna yi, amma kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo a bakinmu, haka kowane maganin noti ya zama Loctite.

Shuɗi ko ja?

Ka lura tukuna, kwalbar Loctite ja ce ko wane iri ne a ciki. Launin ruwan ake nufi, da lambar da ke jiki.

Shuɗi, mai lamba 242 ko 243, shi ne na yau da kullum. Yana riƙe notuna daga milimita 6 zuwa 20, kuma gobe in ka zo da sifana zai kwance. Na fi son 243 saboda yana haƙuri da ɗan maiƙon da ya rage a zare. Ja, irin 271, na wurin da ba ka da niyyar sake buɗewa ne. Kwance shi sai an gasa notin ya kai wajen digiri 250, in ba haka ba kan notin zai tsinke ya bar maka gindinsa a rami. Ka yi tunanin wannan a cikin alminiyam, kusa da roba da wayoyi. Akwai mai launin shuni, 222, na ƙananan sukurori, da kore, 290, mai ruwa-ruwa wanda ake ɗigawa bayan an riga an ɗaure, ya tsotsa ya shiga da kansa.

A inji, inda na fi sa shuɗi shi ne notunan filawil (faifan ƙarfen bayan inji da kuloci ke kamawa), na famfon mai, da ƙarafan da ke riƙe da abubuwa masu girgiza. Filawil na da wani sirri: a wasu injuna ramukan notunansa sun huda har cikin inda mai yake, don haka in ba a sa maganin ba mai zai biyo zaren ya jiƙa kuloci, a yi ta canza sil ɗin baya a banza. Ɗigo biyu sun isa. Yana fara kamawa cikin kamar minti goma, amma ƙarfinsa bai cika sai bayan awa 24.

Inda ba a sawa: fulogi, notunan taya, sansa, da duk abin da zai shiga roba, don yana tsattsaga wasu robobin. Notunan tof ma ba a sa musu sai in littafin motar ya ce, yawancinsu ɗan baƙin mai ake shafa musu. Na salansa kuma ɓarnar kuɗi ce, domin na yau da kullum ba ya wuce digiri 150 zuwa 180, salansa kuwa ta ninka haka. Can man jan ƙarfe ake shafawa don tsatsa kada ta haɗe su.

Zaren ramin ya cinye, noti na juyawa. In na cika shi da ja zai riƙe?

Ba zai riƙe ba. Maganin noti yana hana noti kwancewa ne, ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Aradait da sufa gulu da zaren buhu da ake naɗawa duk jinkirta kuka ne. A buɗe ramin a sa sabon zare na ƙarfe, wanda ake kira Helicoil, ko a dasa masa hannun riga mai zare. Masu Camry ta 2002 zuwa 2006 mai silinda huɗu su riƙe wannan da kyau, don injinta an san shi da sakin zaren notunan tof na baya, musamman in ya taɓa yin zafi.

Mu da ba mu da ƙanƙara a Zariya, me za mu yi da kulan, ruwan lagireton nan mai launi? Ba don sanyin Turai aka yi shi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Sinadarin da ke ciki, gilaikol, idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Ko hunturun Samaru da ake ba da labari bai taɓa kusantar haka ba. Wannan aikin ba mu buƙatarsa.

Sauran ayyukan ne namu. Na farko tafasa. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, ruwa a nan yana tafasa ne a wajen digiri 98. Inji kuma yana aiki a kusan 90. Ka ga ratar ba ta da yawa. Murfin lagireto mai kyau yana matse ruwan ya ɗaga tafasarsa zuwa kusan 120, in kuma da kulan rabi da rabi sai ta kai wajen 128. A watan Afrilu, kana cikin cunkoson PZ ko Ƙofar Doka da rana tsaka, na'urar sanyi a kunne, wannan 'yar ratar ita ce tsakaninka da tsayawa gefen titi.

Na biyu, wanda ya fi girma, tsatsa. A cikin inji ɗaya akwai baƙin ƙarfe, akwai alminiyam, wani lokaci da tagulla, duk suna jiƙe a ruwa ɗaya mai zafi. Haka kawai suke cin juna. Kulan yana ɗauke da magungunan da ke shafe jikin ƙarfe su hana wannan. Duk bakanike ya sha ciro famfon ruwa ya tarar fukafukansa sun cinye saura guntu, ko bututun ƙarfen bayan inji ya zama rariya. Ruwan da ka ga ya koma ja kamar na kududdufin damina, jikin injinka ne ke narkewa a ciki. Mai zuba ruwa zalla shekara da shekaru, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Amma kada a wuce gona da iri. Gilaikol zalla bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba, wanda ya zuba shi ba sirki motarsa za ta fi yin zafi. In an rubuta "concentrate" a jarka, sai an sirka. In an rubuta 50/50, an riga an sirka, kada a ƙara masa ruwa.

Da wane ruwa zan sirka? Na rijiya, na burtsatse ko na leda?

Duba gindin butar da ake dafa shayi a gidanku. Farin dattin nan da ya kama, shi zai kama siraran bututun lagireto. Na rijiya da na burtsatse sun fi kawo shi, na leda kuma yawanci na burtsatsen ne aka tace. Wanda ya dace shi ne tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, amma ka tabbata ruwan ne zalla, ba mai asid ba. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma yana yi in an tare shi a mazubi mai tsabta an tace.

Nawa kore ne, a shago sai ja na samu. In haɗa?

Launin kulan rini ne kawai, shi kansa sinadarin ba shi da launi. Abin da ya bambanta su shi ne irin maganin tsatsar da ke ciki. Tsohon yayi, wanda aka fi sani da kore, yana aiki da silikat da fosfat, yana kare ƙarfe da sauri amma ƙarfinsa na ƙarewa cikin kamar shekara biyu. Sabon yayi yana aiki da wasu sinadarai masu daɗewa, har shekara biyar. Sannan kowace nahiya da ra'ayinta: Japanawa ba sa son silikat don suna ganin yana cin sil ɗin famfon ruwa, Turawa kuma ba sa son fosfat don yana haɗuwa da ruwa mai nauyi ya zama datti. Shi ya sa na Toyota ja ne ko ruwan hoda, na Honda shuɗi, na Volkswagen kuma lamba yake da ita, G11, G12, G13, na General Motors ruwan lemo mai suna Dex-Cool. Ruwan hodar Toyota da ruwan hodar Volkswagen a ido ɗaya suke, a ciki ba ɗaya ba ne.

In aka gauraya iri biyu da ba su jitu ba, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne kariyar ta ragu. Mafi muni su kama juna su zama laka mai toshe lagireto. Don haka in kofi ɗaya ko biyu ne ya ragu kuma ba ka samu irin naka ba, ƙara tataccen ruwa ya fi. In kuma motar Kwatano ce ka saya ba ka san abin da ke ciki ba, a zubar duka, a wanke, a fara daga farko da wanda ya dace da ita.

Akwai na jarka mai araha da ake sayarwa bakin titi. Yaya zan gane na kirki?

Da yawansu ruwa ne da rini. Araha ba ta ado. Karanta jikin jarkar ka ga ko an ambaci gilaikol da adadinsa. Ɗiga kaɗan a yatsa ka murza, na gaske yana da santsi. Gwajin da ba ya ƙarya kuwa shi ne ka zuba kaɗan a 'yar roba, ka ɗaure, ka rubuta a jiki, ka sa a firiza ya kwana, in an samu wutar da za ta kwana. Mai rabi da rabi ba zai daskare ba. In wanda aka rubuta wa 50/50 ya zama ƙanƙara, kuɗin rini ka biya.

Kada ka ɗanɗana, ko da ka ga wani yana yi. Gilaikol yana da zaƙi kuma guba ne mai kashe ƙoda. Kada a zuba shi a robar lemo a ajiye inda yara ke wasa, kada a bar tsohonsa a buɗaɗɗen kwano inda akuya ko kyanwa za ta sha.

An ce in cire tamostat in haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. Gaskiya ne?

Wannan al'ada ta zauna mana daga Panteka ta Kaduna har Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma ban yarda da ita ba. Tamostat, wato 'yar ƙofar da ke tare hanyar ruwa zuwa lagireto, yana buɗewa ne tsakanin digiri 80 da 90, bayan nan hanyar ruwa a buɗe take, bai hana komai ba. Aikinsa shi ne inji ya yi saurin kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. In babu shi, da asubar hunturu za ka bar Zariya ka wuce Jaji inji bai ɗumama ba, kwamfuta tana ta ƙara masa fetur, fetur ɗin yana wanke man jikin silinda. A wasu injunan ma tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanya ta ciki. In an cire shi sai ruwa ya riƙa zagaye ta can bai je lagireto ba, motar ta ƙara zafi.

Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, famfo ya cinye, fanka ba ta tashi a kan lokaci, ko tamostat ɗin ne ya mutu a rufe. In shi ne, a sa sabo. Murfin ma a duba lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1, a sayi daidai ita.

In ruwa ya tsiyaye mini a hanya fa? Wani direba ya ce in fasa ƙwai a ciki.

Ka tsaya, ka kashe inji, ka jira. Kada ka buɗe murfi da zafi, ruwan da ke ciki ya wuce tafasa, fuska yake nema. Kada kuma ka kwarara ruwan sanyi a inji mai zafi, haka ake lanƙwasa kan silinda. In ya huce, duk ruwa mai tsabta da ka samu zuba, ko na leda ne, ka lallaɓa zuwa gari. A nan ba a zaɓe.

Ƙwai da garin barkono suna iya toshe ƙaramin rami na ɗan lokaci, amma ba su san ramin da kake so da wanda ba ka so ba. Maganin toshe yoyo na kwalba ma haka, gara shi da ƙwai, amma na fitar da kai daga daji ne kawai.

To yaushe ake canza shi, kuma yaya ake yi?

Tsohon yayi duk shekara biyu. Mai daɗewa bi abin da kamfani ya ce, misali ruwan hodar Toyota kilomita 160,000 a zubin farko na kamfani, bayan nan duk 80,000. In kuwa an sha ƙara masa ruwan leda a hanya, wannan lissafin ya rushe, a canza da wuri.

A zubar da inji a sanyaye, a zuba ruwa mai tsabta, a tayar ya ɗumama, a sake zubarwa, a maimaita har ya fito garau. Wanda ya shekara goma da ruwa zalla ya shirya ganin yoyo bayan wankin nan. Ba kulan ne ya huda masa lagireto ba, tsatsar da ke toshe ramukan ce ta tafi.

Wajen cikawa a hankali ake zubawa, a murɗa hita zuwa zafi ko da ba a amfani da ita, don ruwa ya shiga ko'ina. Peugeot 406 da wasu motocin Turai suna da ƙananan sukurorin fitar da iska a jikin tiyo da gidan tamostat, sai an buɗe su har ruwa ya fito ba kumfa. A bar inji ya yi aiki har fanka ta tashi ta tsaya da kanta, a kashe. Washegari da safe, kafin a tayar, a sake duba robar ajiya, ruwan ya tsaya tsakanin layuka biyun da ke jikinta.